Ƙungiya ta waye: wanda ya kafa ta, mai ba ta kuɗi, ko masu biyan kuɗin wata?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma a yi haƙuri da tsawon rubutun. Ni ce ma'ajin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da rubuce-rubuce a garinmu, ba zan ambaci sunanta ba. Shekararmu goma sha ɗaya da kafuwa. A baki mun kai arba'in, amma masu biyan kuɗin wata ba su cika ashirin ba. Duk ƙarshen shekara muna yin biki na kwana biyu, wasan daɓe da karatun waƙe da baje kolin littattafai, yaran makarantun unguwa su zo su cika ɗaki har tagogi.

Akwai wani Alhaji da ya shekara uku yana biya mana hayar ɗakin da muke atisaye. Allah ya saka masa da alheri, bai taɓa goranta mana ba. Bana ya ce zai ɗauki nauyin bikin gaba ɗaya, amma da sharaɗi biyu. A sa ɗansa cikin amintattun ƙungiya, wato waɗanda doka ta ɗora wa amanar dukiyarta, sannan a cire wasan da matasanmu suka shirya a kan yadda ake yanka filayen makarantu ana sayarwa. Shugabanmu, wanda shi ya kafa ƙungiyar kuma shi ke jan ta tun ranar farko, ya amsa masa a zama ɗaya, bai kira taro ba. Ni a bakin telan da ke ɗinka mana kayan wasa na ji. Da na tambaye shi inda kuɗin za su shiga sai ya ce asusunsa, don na ƙungiya ya daɗe ba a taɓa shi ba har banki sun kulle shi.

Wallahi mutumin nan ba ɓarawo ba ne. A gabana ya sayar da babur ɗinsa don mu samu kuɗin motar kai wasa Zariya. Amma littafin kuɗi a hannuna yake, kuma ban san abin da zan rubuta a ciki ba. Yaran kuma wata huɗu suna atisaye, har yau ba wanda ya gaya musu komai.

Ɗan Gwale:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai ra'ayina a karɓa. Da babu gara ba daɗi. Ƙungiyoyi nawa muka gani sun mutu saboda kuɗin hayar kujeru kawai? Wasa ɗaya ne, a ajiye shi zuwa baɗi. Kuma wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, shekara uku kuna cikin ɗakin da ya biya.

Ɗan Wasa:
Yaya, ka taɓa yin atisayen wata huɗu kuwa? Mu ne muke rufe shago da la'asar mu tafi, mu ne muke biyan kuɗin adaidaita daga aljihunmu. Idan aka zo lissafin masu ruwa da tsaki sai a lissafa Alhaji da hakimi da ɗan majalisa, a manta da wanda zai hau daɓen. Ba a ƙungiyar Anti Maman Ummi nake ba, amma an taɓa yi mana irin wannan sak. Ana saura kwana uku aka ce an cire wasanmu. Mu tara muka fita a ranar, mutum biyu kawai suka koma daga baya.

Lauyan Zaure:
Hajiya, kafin a kai ga maganar wasan, tambaya ɗaya: kuna da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC? Kuma kundin tsarin mulkin da kuka miƙa musu yana hannun wa?

Maman Ummi:
Muna da rajista, Barista. Takardar shaidar tana rataye a ɗakin atisaye cikin gilashi. Kundin kuma ban taɓa ganinsa da idona ba. Shugaba ya ce yana cikin jakarsa ta takardu a gida.

Lauyan Zaure:
To daga nan matsalar ta faro, ba daga Alhaji ba. Bari in yi bayani dalla-dalla, don na san da yawa a zauren nan suna cikin irin wannan hali.

Ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, na adabi ne ko na addini ko na taimakon kai da kai, ana yi musu rajista ne a ƙarƙashin dokar kamfanoni, CAMA. Ta farko ta 1990 ce, sabuwar kuma Shugaba Buhari ya sa mata hannu a watan Agustan 2020, kuma ɓangaren F ne ya yi magana a kan amintattu. Da zarar an yi rajista, doka tana kallon amintattun a dunƙule tamkar mutum guda mai zaman kansa, wanda zai iya mallakar fili, ya buɗe asusu, ya kai ƙara, a kuma kai shi. Kujerun da kuka saya da lasifikar da akwatin kayan wasa ba na shugaba ba ne, ba na Maman Ummi ba ne. Amana ce a hannun amintattu domin manufar da aka rubuta a kundi.

Saboda haka shugaba ba shi da ikon ƙara amintacce da bakinsa, ko da shi ya haifi ƙungiyar. Sai babban taron mambobi ya zauna ya zartar, a rubuta, a kai wa CAC, a buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Alƙawarin da ya yi wa Alhaji alƙawari ne da ba shi da hurumin cikawa shi kaɗai.

Na biyu, dokar ta hana a raba kuɗin ƙungiya ga mambobi a matsayin riba, dole a kashe su a kan manufar da aka kafa ta dominta. Idan kuɗi suka shiga asusun mutum, ko da waliyyi ne, babu yadda za a bambance nasa da na ƙungiya. Allah ya kiyaye, in ya faɗi ya mutu gobe, kuɗin nan cikin gado za su faɗa, kuma magada ba su yi laifi ba in suka raba. Na taɓa zama a kan irin wannan rigimar, marayu a gefe ɗaya, 'yan ƙungiya a ɗaya gefen, kowa yana kuka kuma kowa yana da gaskiya. Asusun da banki suka kulle don an daɗe ba a yi hulɗa da shi ba ana farfaɗo da shi. Masu sa hannu za su je da katin shaida da takardar rajista da wasiƙar ƙungiya, banki su faɗi sauran abin da suke buƙata.

Malam Dattijo:
Barista, duk abin da ka faɗa daidai ne a takarda, ban musa ba. Amma ku bari in yi magana da bakin irin shugaban nan, don ni ma na kafa ƙungiyar wasa tun ina malamin firamare, na riƙe ta shekara goma sha tara.

Lokacin da muka fara babu wanda yake son zama ma'aji, babu mai son sakatare. A zaurena ake taro, matata ke dafa shayi. Ranar da 'yan sanda suka tsare mana yara biyu a hanyar dawowa daga wasa da dare, ni na kwana a caji ofis. Iyayen yara mata ni suka sani, ni suke bai wa amanar 'ya'yansu, ba kundin tsarin mulki ba. To bayan an yi shekaru haka, sai wani yaro da ya shigo bara ya miƙe a taro ya ce Malam ina rasit. Wallahi ranar da aka fara yi mini haka ban yi barci ba. Ba don na ci komai ba, sai don ji na yi kamar an ce ban isa a yarda da ni ba.

Ina roƙonki 'yata, duk abin da za ki yi, kada ki fara shi a gaban jama'a. Ki same shi a gida, ki tafi da wani babba da yake jin nauyinsa. Mutumin da ya sayar da babur ɗinsa bai cancanci ya fara jin maganar nan a bakin yara ba.

Maman Ummi:
Baba, wannan ita ce damuwata tun farko. Na gode. Amma in tambaye ka, da ka sauka, ƙungiyar ta ci gaba?

Malam Dattijo:
Ta yi shekara biyu ta watse. Kuma na daɗe ina cewa laifin yaran ne. Yanzu da na tsufa na gane nawa ya fi yawa. Ban taɓa barin kowa ya je wurin shugaban ƙaramar hukuma shi kaɗai ba, ban taɓa nuna wa kowa yadda ake rubuta takardar neman ɗakin taro ba. Lambobin duk masu taimaka mana a kaina suke. Da na tafi na tafi da su.

Tsohon Sakatare:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, wannan magana ta taɓa ni. Ina so in kawo misalin da duk marubucin da ke zauren nan ya sani, don kada a ɗauka ƙananan ƙungiyoyi ne kawai ke faɗawa wannan rami.

Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, Chinua Achebe ne ya kira taron da aka kafa ta a Nsukka a 1981. Ba ta da matsalar shugaban da ya ƙi sauka, domin wa'adi shekara biyu ne, in an sake zaɓenka ka ƙara biyu ka tafi. Marigayi Abubakar Gimba ya yi nasa daga 1997 zuwa 2001 ya sauka. Denja Abdullahi ya yi daga 2015 zuwa 2019. Tana da kundi, tana da rassa a jihohi, tana da manyan farfesoshi. Duk da haka a babban taron Inugu na ƙarshen 2019 zaɓe ya gagara, aka tashi baram-baram. A kan me? A kan tantance waɗanda suka cancanci jefa ƙuri'a. Waye mamba na gaskiya, waye aka kwaso a mota aka biya masa kuɗin rajista don ya ɗaga hannu. Cikin 2020 sai ga shugabanni biyu, Ahmed Maiwada a ɓangare ɗaya, Camillus Ukah a ɗaya ɓangaren, kowa da mutanensa, rassan jihohi suka rarrabu, abokan shekara talatin suka daina gaisawa.

Kuma kada a manta ƙungiyar tana da dukiya. Janar Mamman Vatsa, wanda shi ma marubucin waƙoƙi ne, lokacin yana ministan Abuja ya ba ta fili a Mpape a 1985, kafin a kashe shi a 1986. An daɗe ana shari'a a kan filin nan kafin a samu a gina ƙauyen marubutan da ke ɗauke da sunansa yanzu. Ba ina cewa filin ne ya haddasa rikicin ba. Abin da na sani shi ne ƙungiyar da ba ta da ko sisi ba a cika kokawa a kan kujerarta ba. Ranar da abu mai daraja ya shigo, ranar ce kowa zai tuna shi ma mamba ne.

Shi ya sa, Hajiya, kalma ɗaya a rubutunki ta fi tsaya mini a rai fiye da maganar Alhaji. Kin ce a baki kun kai arba'in, masu biya ba su cika ashirin ba. Barista ya ce a kira babban taro. To wa zai zauna a taron? In aka zo ƙuri'a a kan ɗan Alhaji, mutum ashirin ɗin da ba sa biya za su bayyana, kuma ba ki da takardar da za ki ce wane ya cancanta, wane bai cancanta ba. Kafin ki nemi kundi, ki zauna da sakatarenku ku fitar da rajistar mambobi. Suna, ranar shiga, watan ƙarshe da mutum ya biya. A liƙa ta a bangon ɗakin atisaye mako biyu kafin taro, mai ƙorafi ya kawo tun da wuri, mai bashi ya biya. Aiki ne mai gajiyarwa, ba wanda zai yaba miki a kansa, amma shi ne ginshiƙin.

Ɗan Gwale:
Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya faɗa mini inda za a samo kuɗin biki in Alhaji ya yi fushi. Kundi ba ya biyan kuɗin janareto.

Baban Khalifa:
Tambayarka a kan hanya take, Ɗan Gwale, kuma ko a nan Ingila ba su gama warware ta ba. Ina cikin amintattun wata ƙaramar ƙungiyar al'adu a garin da nake zaune. A nan akwai hukumar da ke kula da ƙungiyoyin agaji, kuma duk wadda kuɗin shigarta ya wuce wani adadi da doka ta ƙayyade a shekara sai wani na waje ya duba lissafinta, a aika wa hukumar, kowa ya iya buɗe intanet ya karanta. Duk zaman da za mu yi, abu na farko bayan buɗe taro shi ne a tambaya ko akwai wanda yake da wata alaƙa da abin da za a tattauna. In ƙaninka ne ya nemi aikin fenti, sai ka faɗa, ka fita waje har a gama. Ba zargi ba ne, al'ada ce kawai, kuma tana kare mutuncin wanda ya fita ɗin.

Amma maganar mai ba da kuɗi tana nan da zafinta. A watan Mayun 2024 bikin littattafai na Hay, wanda yana cikin manya a ƙasar nan, ya dakatar da karɓar tallafin kamfanin zuba jari na Baillie Gifford, bayan marubuta da dama sun janye saboda inda kamfanin ke zuba kuɗinsa. Bikin Edinbara ma ya bi sahu, daga baya alaƙar kamfanin da sauran bukukuwan littattafai ta yanke. Wasu sun ce an yi daidai, wasu sun ce an kashe bukukuwan da hannu, don giɓin da aka bari ba ƙarami ba ne. Abin da na ɗauka a ciki shi ne masu shirya bikin sun tsinci kansu tsakanin mai kuɗi da masu fasaha, kuma da masu fasahar suka ce ba za su hau dandali ba, kuɗin ba su yi amfani ba. Wannan ita ce maganar da ƙanenmu Ɗan Wasa ya yi a sama.

Shawarata ita ce a raba sharuɗɗan Alhaji gida biyu. A girmama shi iyakar girmamawa: sunansa a allon biki, kujerar gaba, a naɗa shi uban ƙungiya a rubuce, a kai masa rahoton yadda aka kashe kowace naira. Waɗannan haƙƙinsa ne. Zaɓen abin da za a nuna a daɓe kuwa ba a sayar da shi, don in aka sayar bana, baɗi wani zai zo da nasa farashin.

'Yar Damagaram:
Sannunku da muhawara. Mu a nan Nijar ƙungiyoyi suna tafiya ne a kan dokar ranar 1 ga Maris 1984, sai ka kai takardunka hukuma ta ba ka izini kafin ka fara aiki. Amma abin da nake so in ƙara ba na doka ba ne. Iyayenmu suna ba mu labarin zamanin Seyni Kountché, lokacin da aka farfaɗo da Samariya, kowace unguwa da 'yan wasanta, ana gasa tun daga gari har zuwa ta ƙasa baki ɗaya. An yi wasanni masu kyau ƙwarai, mahaifina har yau yana rera waƙoƙin. To amma ƙarfin duka daga gwamnati yake, da zamani ya juya sai yawancinsu suka kwanta. Daga baya masu wasa da yawa suka jingina da cibiyar al'adun Faransa da Nijar, a Yamai da nan Damagaram. Bayan juyin mulkin 2023 dangantaka da Faransa ta lalace, wannan ƙofar ma ta canza. Duk wanda ya jingina da bango ɗaya ya ji a jikinsa.

Ƙungiyarmu ta mata ce, ba mu da yawa. Kowace tana zuba jika ɗaya, wato sefa dubu, a wata, kuma ranar taro ma'aji takan buɗe littafi ta karanta da ƙarfi, abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin ƙanƙara. Kuɗin ba sa isa biki, amma suna isa mu ce a'a in an kawo mana abin da bai kwanta mana ba.

Ɗan Wasa:
Anti, wannan karantawa da ƙarfi ita ce ba a yi mana. Da ana yi da ba mu fita ba.

Tsohon Sakatare:
Akwai kuma waɗanda ba su cikin ƙungiya, ba su ba da ko kwabo, amma in ba a je an gaishe su ba aiki ba ya tafiya. Ku dubi abin da ya faru a birnin Benin da gidan adana kayan fasahar Afirka ta Yamma, MOWAA. Gidauniya ce mai zaman kanta, ta samu kuɗi daga gwamnatin jihar Edo a zamanin Gwamna Obaseki da gwamnatin Jamus da manyan masu tallafi na waje, an yi gini na gani na faɗa. Amma fadar sarkin Benin, Oba Ewuare na biyu, ba ta gamsu ba, musamman a kan kayan tagullar da sojojin Ingila suka kwashe a 1897 waɗanda ake dawowa da su. A 2023 gwamnatin tarayya ta ayyana cewa Oba ne mai su. A Nuwamban 2025, ana gab da buɗe gidan, masu zanga-zanga suka kutsa cikin harabar ana tsakiyar taron baƙi, aka ɗage buɗewar. Kuɗi akwai, ƙwararru akwai, amma ba a gama da masu gari ba.

Na kawo wannan ne don wasanku a kan filayen makarantu yake. Ko Alhaji bai ce komai ba, akwai mai unguwa, akwai shugabannin makarantun da za su turo yara, akwai iyaye. In a Kano kuke ma akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i da aka kafa tun 2001. Ba cewa nake a nemi izinin kowa kafin a faɗi gaskiya ba. Amma gara shugaban makaranta ya ji labarin wasan daga bakinku, ya karanta shi in yana so, da ya zo da ɗalibai ya ji shi bagatatan a gaban jama'a.

Lauyan Zaure:
Ƙari kaɗan a kan wannan. Ku duba rubutun wasan da kyau, kada a kama sunan wani mai rai ko a siffanta shi yadda kowa zai gane shi, don ɓata suna laifi ne kuma amintattu za a nema. In an kiyaye wannan, babu dokar da ta hana a yi wasa a kan filin makaranta.

Sannan ga masu tsoron hukuma ta shigo musu: sashe na 839 na dokar 2020 ya bai wa CAC ikon dakatar da amintattu ta naɗa masu riƙon ƙwarya, kuma kun tuna irin hayaniyar da majami'u da ƙungiyoyin farar hula suka yi a kansa. A Afrilun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa sashen da wasu da ke biye da shi sun saɓa wa tsarin mulki. Amma a aikina ban taɓa ganin ƙaramar ƙungiyar da hukuma ta rusa ba. Waɗanda na gani da kansu suka rusa kansu.

Maman Ummi:
Jama'a, na dawo da labari. Na bi shawarar Baba Malam Dattijo. Daren Laraba bayan isha'i muka je gidan shugaba ni da mijina da wani tsohon malaminsa. Na tafi da littafin kuɗi. Ban fara da maganar Alhaji ba, buɗe littafin na yi na nuna masa shafin shekarar da ya sayar da babur, inda na rubuta kuɗin da sunansa a matsayin bashin da ƙungiya ba ta biya ba har yau. Bai san na rubuta ba. Ya daɗe yana kallon shafin bai ce komai ba. Sai na ce masa, Yaya, in kuɗin Alhaji suka shiga asusunka, wa zai rubuta maka irin wannan?

Ransa ya ɓaci da farko, ba zan ɓoye ba. Ya ce shekara goma sha ɗaya ba a tambaye shi takarda ba sai yau. Malaminsa ya bar shi ya gama, sannan ya yi masa magana a hankali. Can ya shiga ɗaki ya fito da jakar. Kundin yana ciki, shafi tara, gefensa duk ya yi ja. Mun karanta tare a ƙarƙashin fitilar waya. Ashe an rubuta wa'adin shugaba shekara uku ne, sau biyu. An rubuta mutum biyu ne za su sa hannu kafin a fitar da kuɗi. Amintattunmu uku ne, ɗaya ya rasu shekara huɗu da suka wuce ba mu sanar da kowa ba, ɗaya kuma ya koma Legas. Shi da kansa ya ce bai sake buɗe kundin ba tun ranar da lauya ya miƙa masa.

Ya yarda a farfaɗo da asusun ƙungiya, ya yarda a kira babban taro. A kan wasan bai yarda ba tukuna. Ya ce ya riga ya ba Alhaji baki, kuma bai san da wane ido zai kalle shi ba.

Malam Dattijo:
Alhamdu lillahi. Allah ya yi miki albarka 'yata. Kada ki matsa masa a kan maganar sauka yanzu, ya ji da wannan tukuna. Kuma kada a bar shi ya koma wurin Alhaji shi kaɗai. Ku je ku uku ko huɗu, ya zama ƙungiya ce ta zo, shi kuma ya samu abin faɗa: taro ne ya yanke, ba ni ba.

Ɗan Gwale:
Na sauko daga rabin maganata. Amma ina nan a kan cewa in Alhaji ya janye, ku shirya yin bikin kwana ɗaya a filin makaranta da rana, ba janareto ba haya. Kada a kai ga ranar a fara neman mafita. In kun yanke haka, ina da lasifika biyu da zan ba ku aro.

Ɗan Wasa:
Anti, yaran fa? An gaya musu?

Maman Ummi:
Jiya na gaya musu a wurin atisaye, shugaba yana zaune. Yarinyar da ta rubuta wasan ta yi kuka, sannan ta tambaya ko su ma suna da ƙuri'a. Muka duba kundi, duk wanda ya kai shekara 18 kuma ba a bin sa kuɗin wata uku yana da ita. Su bakwai a take suka fara lissafin bashinsu.

Ni da sakatare mun fara rubuta rajistar, mun kai mutum ashirin da shida, sauran sai mun bi su gida-gida don wasu ko lambarsu ba mu da ita. Za mu liƙa ta ranar Asabar. Barista, don Allah in akwai samfurin takardar sanarwar babban taro da ta maye gurbin amintaccen da ya rasu, a taimaka mini da su. Ɗan Gwale, ka riƙe mana lasifikar nan, zan neme ka bayan mun dawo daga gidan Alhaji ranar Litinin.

Lauyan Zaure:
Zan turo miki da daddare. Ki nemo takardar shaidar rasuwar marigayin daga iyalansa, za a buƙace ta. Wanda ke Legas kuma a kira shi a ji ko yana son ci gaba ko zai rubuto takardar ajiye aiki.